Gayyar Baibaya a Kwarin Gawayi

Ni kaɗai na sauka a Jidda, ko da yake mu biyu muka baro Gumel. Matata Laure ta rasu a Sawakin, bakin tekun Sudan, muna jiran jirgin ruwa. Zazzaɓi ne. Na binne ta a ƙasa mai gishiri, na wanke hannu, na koma cikin masu jiran jirgi. Tun daga ranar wani abu ya kwanta mini a ƙirji, ba baƙin ciki ba, ba kuma haƙuri ba. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. A ba ni abinci in ci, a zage ni in ji, duk ɗaya ne a wurina.

Karatu ne ya fito da ni. Wani mutum mai farin rawani ya tarbe mu a bakin teku, Hausarsa tsaf kamar jiya ya baro Kano. Ya karɓi takarduna, ya ce zai samo mini gurbi a wajen wani shehi a Makka, ya zaunar da ni a wata rumfar shayi a unguwar Bagdadiyya ya ce in jira shi. Na jira har mai shayi ya fara tattara kujeru. Ya dube ni ya ce, "Ya Takruni, ba kai ne na farkon da ya yi wa haka ba." Takruni suke kiran duk mutumin ƙasashenmu. Ya zuba mini shayi bai karɓi komai ba, ya nuna mini hanyar Karantina da hannu.

Karantina a wancan zamani gidajen kwano ne da katakon akwati da tsofaffin buhuna, cike da mutanenmu, waɗanda suka zo hajji suka maƙale da 'ya'yansu da aka haifa a nan. Wata tsohuwa mai suyar ƙosai, Hajja Ta-Sallah, ta ba ni kusurwa a zaurenta. 'Yar ƙasar Katsina ce, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Mahmud, wanda kowa ke kira Hamudi. Saurayi ne dogo mai surutu, shi ne shugaban samarin da ke buga ƙwallo a filin bayan unguwa. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar maka sai rabi ta fito da Larabci.

Daga baya na sami aiki a motar gawayi. Mai motar wani ɗan kasuwa ne a unguwar Nuzla, shi ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama. Direban kuwa Bahaushen Sudan ne, Usɗa Bashir, mutum mai ƙarancin magana, abin da ya sa muka jitu. Mukan bi hanyar kudu, mu bar kwalta mu shiga yashi, har wani ƙauyen Larabawan daji a bakin wani kwari. Makiyayan awaki ne, suna kuma ƙona gawayi. Sunan wurin ya yi mana nauyi a baki, sai muke ce masa Kwarin Gawayi. Bukkokinsu na ice da ciyawa ne, kewayayyu kamar namu na gida, ga goriba jefi-jefi a cikin kwarin. Ranar da na fara ganin goribar na tsaya na dube ta, ina jiran in ji kewar gida. Ban ji komai ba. Na ɗauki buhu na ci gaba da lodi.

Mutanen ba sa hira da mu. Su auna, mu loda, mu tafi. Wata tsohuwa ce kawai, Ummu Salim, ranar da rana ta buge ni na zube a gindin mota, ta kawo mini nonon akuya a ƙwarya ta tsaya a kaina har na shanye.

Wata rana muka iso muka tarar ƙauyen ya ƙone. Iska ce ta kwaso wuta daga ramin gawayi, ta bi bukkokin ɗaya bayan ɗaya. Ba a rasa rai ba, sai awaki. Majiya ƙarfinsu duk ba sa nan, fari ya kore su, wasu sun tafi neman aiki birni, wasu sun yi nisa da raƙuma. Tsofaffi ne da mata da ƙananan yara suka rage, sun ɗaura tsummoki a kan ƙonannun dirkoki suna zaune a 'yar inuwar. Zafi kuwa yana ƙaratowa, irin zafin da ke kashe jariri a fili.

Usɗa Bashir ya leƙa ta taga ya ce, "Halas, shi ke nan, babu gawayi. Mu juya."

Na sauka na zaga. Ba zan ce tausayi ne ya kama ni ba, don ban ji shi ba. Na dai taɓa dirkokin na ga da yawa cikinsu bai ci ba. Na duba kwarin na ga ciyawa da kaba. Na ga Ummu Salim tana ƙoƙarin ɗaga wani reshe da ya fi ƙarfinta, ta ajiye, ta sake gwadawa. Na ce a raina, wannan aikin gayya ne. A garinmu ko ɗan yaro ya san yadda ake yi.

Da muka koma na tafi filin ƙwallo, wurin da ban taɓa takawa ba. Na jira suka gama, na kira Hamudi, sauran suka biyo shi suna haki. Na gaya musu abin da na gani, na ce ina neman masu zuwa gayya.

"Esh gayya, ya ammi?" in ji Hamudi, wato mece ce gayya, baffa.

Na ce, "Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai jama'a su taru su yi masa."

"Nawa za a biya?"

"Ba a biya."

Suka fashe da dariya. Hamudi bai yi ba. Ya ce, "Balash? Kyauta? Ya ammi Haruna, a ƙasar nan mai aikin balash sunansa bawa. Kai baƙo ne, shi ya sa."

Gaskiyarsa. A lokacin ba a daɗe da hana cinikin bayi a ƙasar ba, kuma yawancin waɗanda aka 'yanta launinmu ne. Ban yi masa gardama ba. Na ce mota za ta tashi Alhamis da azahar daga bakin masallaci, ta dawo Juma'a da yamma, wanda ya ga dama ya zo. Wani a cikinsu ya tambaya ko akwai teku kusa da wurin. Na ce akwai. Sai na gane da yawansu ba su taɓa fita bayan Jidda ba.

Samun motar bai yi wuya ba. Na ce wa kafilina muddin mutanen nan ba su da inuwa, ba za su koma ƙona gawayi ba. Ya ce to, in dai a ranar hutu ne, kuma Usɗa ya yarda. Usɗa ya ɗaga kafaɗa. Iyaye mata ne suka ba ni wahala. Na bi gida-gida. Wata ta rufe mini ƙofa. Wata ta ce mini ɗan maƙwabciyarta haka aka ɗauke shi a mota shekarun baya, aka ce za a kai shi aikin dabino, har yau. Sai da limamin unguwa ya yi magana bayan sallar Juma'a, sannan wasu suka sassauta.

Hajja Ta-Sallah ta bar ni har na gama zagayena, sannan ta kira ni gaban kaskonta.

"Malam Haruna, ni na san gayya. Ɗakin aurena da gayya aka yi shi. Zan tura Hamudi, in ya je sauran za su bi. Zan kuma haɗa muku abinci, ni da matan layin nan." Ta juya ƙosai. "Amma yaron nan ba shi da takarda. Ubansa ya yi ta cewa gobe, gobe, har ya mutu. Ka san da wannan."

Na ce na sani. A lokacin ba a cika tare motoci a hanyar kudu ba.

Ranar Alhamis bayan motar ya kusa cika. Suka yi ta ihu da waƙoƙin Larabci har muka bar kwalta, sannan ƙura ta rufe musu baki.

Da muka isa, mata suka kwashe yaransu suka ja baya. Dattijon ƙauyen, Shehu Aɗiyya, siririn tsoho mai jan gemu, ya fito da sandarsa. Usɗa Bashir ya yi masa bayani. Tsohon ya saurara, ya bi samarin da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaya, ba da wata mugunta ba:

"Na wane ne? Wa ya aiko su, in gode masa?"

Samarin sun fi ni jin Larabci. Hamudi ya jefar da laujen da ke hannunsa. Ya ce, "Ka ji ko, ya ammi? Yalla, shabab, mu hau mota." Suka fara hawa.

Ni dai na tsaya. Ban ji haushi ba, ban ji kunya ba, sai dai na ga in suka tafi ba za su sake dawowa ba. Na ce wa Usɗa ya fassara mini kalma-kalma. Na ce wa tsohon, waɗannan 'ya'yan mutane ne, kowa da uwarsa a Jidda, ba wanda ya aiko su. A ƙasarmu in gobara ta ci gidan mutum, maƙwabta kan taru su tayar masa. Ba a biyansu. Amma mai gida yakan yi aiki tare da su, kuma a akushi ɗaya ake ci.

Tsohon ya daɗe yana sosa gemu. Can ya ce, "Faz'a." Usɗa ya ce mini haka suke kiran irin wannan a wurinsu. Tsohon ya ƙara da cewa, "Amma faz'a tsakanin dangi ake yinta."

Hamudi daga saman mota ya ba shi amsa da Larabci, da ƙarfi. Na tambayi Usɗa me ya ce. Ya ce, "Cewa ya yi, to ina dangin naku?"

Sai Shehu Aɗiyya ya jingine sandarsa, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki laujen da Hamudi ya yar, ya nufi kwari shi kaɗai. Muka bi shi da kallo yana tafiya yana ɗingishi. Hamudi ya yi tsaki, ya diro, ya bi shi ya karɓe laujen. Washegari da rana tsohon ya sa aka yanka akuya daga 'yan da suka rage, ya zauna a tsakiyarmu ya fara sa hannu a tire.

Daga nan aiki ya kankama, mako bayan mako. Na raba su kashi-kashi. Masu ƙarfi su yanko ciyawa da rassa. Waɗanda ba sa son rana su zauna wajen tsofaffin mata su koyi tufka igiyar kaba. Ni da wasu mu kafa dirkoki mu ɗaura tsaiko. Na koya musu yanta ciyawa, na koya musu ɗaura tanka, na koya musu baibaya daga ƙasa zuwa sama. Mutanen ƙauyen suna da tasu hanyar ɗauri, igiya suke zagayawa ta waje har ƙoli saboda iska, sai muka haɗa tasu da tamu. Hamudi na sa ya riƙa rabon aiki, domin maganarsa suke ji, ba tawa ba.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wani makon rabin samarin suka ƙi zuwa saboda wasan ƙwallo. Wani makon mota ta kafe a yashi muka yini muna haƙa. Wasu biyu suka yi faɗa a kan wanda zai zauna gaba, ɗaya bai sake zuwa ba. Kunama ta harbi wani, uwarsa ta zo zauren Hajja ta zage ni tas, na saurare ta har ta gaji. Akwai kuma wani gida a ƙauyen da har muka gama ba su taɓa amsa sallamarmu ba, ko da yake sun shiga bukkar da muka yi musu.

Samarin suka canza. Hannayensu suka yi kanta. Suka koyi tatsar akuya, yaran ƙauyen suka koyi buga ƙwallo da ƙullin tsumma. In an gama aiki Usɗa ya kai su bakin teku su yi ta iyo, ni in zauna a inuwar mota. Wata rana Hamudi ya fito daga ruwa ya zauna kusa da ni.

"Ya ammi, kai ba ka dariya, ba ka fushi. Me ya sa kake wannan aiki?"

Na ce, "In hannuna yana aiki, rana takan faɗi da wuri."

Ya dube ni, bai gane ba, ya koma ruwa.

Saura bukkoki kaɗan mu gama, wata ƙaya ta soki Hamudi a tafin ƙafa, ta karye a ciki. Kafin Juma'a da la'asar ƙafar ta kumbura, da ɗaukarsa aka yi aka sa a mota. Muna dab da shiga gari muka tarar an gitta ƙarfe a hanya, ga askarawa, ga wata babbar mota a gefe da mutane a ciki. Usɗa ya rage gudu tun daga nesa. Waɗanda ba su da takarda suka dira ta baya suka bazu cikin lunguna, sun san garinsu. Hamudi ya yunƙura ya kasa.

Askari ya hau ya duba takardunmu. Ya zo kan Hamudi. Yaron ya yi masa bayani da Larabcin da ya fi na askarin kyau, ya faɗi layin da aka haife shi, ya faɗi sunan ungozomar. Askarin ya ce, "Iƙama." Suka sauke shi, mutum biyu suna riƙe da shi saboda ƙafar. Na ce su tafi da ni, ni na fito da shi. Askarin ya mayar mini da takardata ya ce, "Kai taka lafiya lau. Wuce."

Na sami Hajja tana wanke kasko. Na gaya mata a tsaye. Ta ci gaba da wankewa har ta gama, ta kife shi, sannan ta ce, "Ƙafar fa, an cire ƙayar?" Na ce ba a cire ba.

Mun yi ta zirga-zirga. Kafilina ya ce shi ba ya shiga maganar hukuma. Liman ya je ya dawo. Da labari ya kai Kwarin Gawayi, Shehu Aɗiyya ya hau motarmu, mutumin da rabonsa da Jidda tun yana saurayi. Ya tsaya gaban teburin wani jami'i da sandarsa ya ce, "Yaron nan namu ne. Ku rubuta shi a cikinmu." Jami'in ya miƙe ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa ba haka ake yi ba. Tsohon bai sha shayin ba.

Aka sa Hamudi cikin waɗanda za a mayar Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Sun bar ni na gan shi ta bayan shingen waya. An yi masa aski, an ɗaure ƙafar da farin ƙyalle. Ya rame.

"Ya ammi, in na sauka ina zan je? Ummi ta ce danginta ba ta san ko suna nan ba."

Na ce ya nemi motar Gumel, in ya isa ya tambayi gidan Malam Isa mai dukanci, ya ce Haruna ne ya aiko shi. Na sa ya maimaita. Na koya masa yadda zai durƙusa ya gaida tsoho, da abin da zai ce in an ce masa ina gajiya. Yana faɗa yana kuskurewa, mutanen da ke kusa da shi suna gyara masa.

"Akwai bahar a can?"

Na ce babu teku a can.

Sannan ya ce, "Bukkar Ummu Salim ban gama ƙolinta ba. Kada ka ba abokina Sa'idu, bai iya ba."

Ba a gaya mana ranar da aka tafi da su ba. Mun je da abinci aka ce sun tashi.

Alhamis ta zagayo. Na tafi bakin masallaci don dai ban san inda zan je ba. Usɗa Bashir yana cikin mota yana jira. Ban sa ran kowa ba. Sai ga samari 'yan kaɗan, waɗanda ke da takarda, suna tafe ba hayaniya. A bayansu ga Hajja Ta-Sallah da kwanon abinci a ka, ta sha baƙin lulluɓinta na fita unguwa.

Na miƙa hannu in karɓi kwanon. Ta ce, "Buɗe mini gaba. Zan je in gani."

Ta shiga gaban mota, muka kama hanya. Da muka isa matan ƙauyen suka fito, suka gane ko wace ce ba tare da an faɗa musu ba. Ummu Salim ta kama hannunta ta sumbata, ta ja ta zuwa bukkar. Hajja ta zaga ta a hankali. Ta shafa ciyawar, ta ja igiyar ta ji ƙarfinta. Ta ja da baya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Shi ya ɗaura wannan?"

Na ce shi ne, da hannunsa.

"Ta karkace," in ji ta. "Haka yake ɗaura komai, ko zariyar wandonsa."

Na ce zan kwance in gyara.

"Kada ka taɓa. Ka rufe ƙolin kawai."

Ta sunkuya ta shiga, Ummu Salim ta bi ta. Na ɗauki damin ciyawa na hau. Ta ramin ƙolin ina hango su a ƙasa, tsofaffi biyu a kan tabarma ɗaya, ba mai jin yaren wata, ba kuma mai magana. Hasken rana ya sauka a kan cinyar Hajja. Na jera ciyawar na ja igiya, hasken ya yi ta raguwa har ya ɗauke, daga nan ban ƙara ganinsu ba.